Gidan Bakwa Turunku: Iyalin da ya kafa Zariya, da tambayar da 'yata ta ƙure ni da ita

Ranar wata Laraba na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, 'yata mai shekara goma ta tare ni a bakin ƙofa da littafinta a hannu. An ba su aikin gida a makaranta: su zana salsalar iyalin Sarauniya Amina, sannan a shafi na gaba kowa ya zana ta gidansu har zuwa kakannin iyaye.

Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne, ta bari in ɗan runtsa. Sai ta ce, "Umma, abu ɗaya kawai. Bakwa Turunku mamanta ce ko babanta? Littafinmu ya ce mamanta, amma wata 'yar ajinmu ta ce kakanta ya ce namiji ne."

Na buɗe baki zan amsa, sai na ji babu amsa. A Badarawa aka haife ni, a nan na girma, iyayena mutanen ƙasar Zazzau ne. Ina jin sunan Amina tun ban san dama da hagu ba. Ga makarantar 'yan mata ta Queen Amina can a Kakuri, ga ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ga fim da aka yi a kanta a 2021. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi wane ne ya haife ta ba, balle in san yadda gidansu yake.

Wannan tambaya ce ta sa na yi makonni ina karatu tsakanin aiki da girki. Abin da na tarar shi ne zan kawo muku yau, domin ya wuce labarin sarakuna. Ya shafi kowane gida da ke karanta wannan mujalla.

Turunku, nan kusa da mu

Da yawa daga cikin mu mazauna Kaduna mun san Turunku a matsayin hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi kawai. Daga nan Badarawa, in ka fita ta Kawo ka wuce Rigacikun, ba wata doguwar tafiya ba ce. Amma tun kafin Turawa su yi tunanin kafa Kaduna da ɗaruruwan shekaru, Turunku birni ne mai ganuwa a gindin duwatsu, kuma ɗaya ne daga cikin manyan cibiyoyin mulki na ƙasar Zazzau. Har yau mutanen garin na nuna wa baƙo burbushin tsohuwar ganuwa da wurin da suke cewa nan ne makwancin Bakwa.

A jerin sarakunan Zazzau, wanda ya fara da Gunguma, Bakwa Turunku ne na 22, kuma shekarar da aka fi dangantawa da hawansa sarauta ita ce 1536. Ruwayar baka ta ce Turunku ta yi wa jama'arta kaɗan, ruwa ya gaza, sai aka matsa arewa zuwa wajen dutsen Kufena, inda ake da fadama da fili. A can aka kafa sabon birni, aka sa masa sunan ƙaramar 'yar gidan, Zariya. Shi ya sa har gobe ake kiran fadar Zazzau da Gidan Bakwa.

Ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya, wannan bayani na ruwa ya fi kowanne kama hankalina. Ba yaƙi ne ya tashi babban birni ba, ƙarancin ruwa ne. Duk wadda ta taɓa kwana uku famfo bai kawo ba, tana jiran mai kura ga wanki ya taru, ta san yadda ruwa ke juya gida. To haka ya juya masarauta guda.

'Ya'yan gidan

Ruwayoyi sun fi ambaton 'ya'ya uku. Babbar ita ce Amina, wadda wasu ke kira Aminatu. Sai Karama, namiji. Sai auta, Zariya.

An ce Amina ta tashi a fadar kakanta, Sarki Nohir, yana zaunar da ita kusa da shi ana fadanci, tana ji tana gani. An ce tana da shekara 16 aka naɗa ta Magajiya. Wannan ba sarautar ado ba ce. A tsarin mulkin Zazzau na kafin jihadi, mata na riƙe da sarautu masu nauyi, irin su Magajiya da Sarauniya da Iya, suna da mutanensu da abin da suke kula da shi. Sarautar Iya da muka sani yau a hannun maza, Iyan Zazzau, a da ta mata ce.

Karama ya yi sarauta shekara goma, daga 1566 zuwa 1576 bisa lissafin da ya fi yaɗuwa. An ce mutum ne mai son yaƙi, kuma a zamaninsa ne yayarsa ta yi suna a fagen daga. Bayan rasuwarsa ne, in ji masu ruwaya, ragamar ta koma hannunta.

Abin da aka rubuta game da ita a tsofaffin littattafai kaɗan ne, amma yana da nauyi. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, ta kai har Kwararrafa da Nufe, garuruwa suna kawo mata gaisuwa. Ya ce Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma a zamaninta ne kayan fataucin yamma suka shigo ƙasar Hausa. Shi kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya rubuta a farkon ƙarni na 19, ya ambace ta a matsayin 'yar Sarkin Zazzau wadda ta ci ƙasashe, ya ce ta rasu a Atagara. Wurin yana wajen Idah, a jihar Kogi ta yau. Har yanzu a garuruwa da dama in ka ga tsohuwar katangar ƙasa ta kewaye gari, za a ce maka ganuwar Amina ce.

Ita kuwa Zariya, wadda miliyoyin mutane ke furta sunanta kullum a tasha da kan takarda, kusan babu abin da ya saura na labarinta. Wata ruwaya ta ce a Yawuri ta ƙare rayuwarta. Ke nan 'yan uwa biyu, ciki ɗaya, ɗaya ta rasu can kudu a bakin Kwara, ɗaya can yamma a bakin wannan kogin dai, kowacce nesa da gida.

Sarautar ta ci gaba a hannun sarakunan Haɓe har zuwa lokacin jihadi, a farkon ƙarni na 19, sa'ad da Malam Musa ya karɓi Zariya, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa zuwa wajen Zuba. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ya koma Suleja bayan an ɗauki sunan an ba sabon babban birnin tarayya. Shi ya sa har yau ake kiran Sarkin Suleja da Sarkin Zazzau. Dubi ikon Allah: sunan birni biyu da kowane ɗan Nijeriya ya sani, Zariya da Abuja, duk daga sunayen 'ya'yan sarautar Zazzau suka fito.

Inda gizo ke saƙar

Yanzu mu dawo kan tambayar 'yata. Amsar gaskiya ita ce masana kansu sun rabu. Wasu sun ce Bakwa mace ce, sarauniya, mahaifiyar Amina. Wasu sun ce namiji ne, mahaifinta. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya fara shugabantar Gidan Arewa da ke nan kan titin Rabah a 1970, yana cikin waɗanda suka yi nazarin tarihin Zazzau na wancan zamani, kuma aikinsa ya nuna yadda ruwayoyin ke cin karo da juna. Har sunan ma akwai magana a kansa: wasu na ganin asalinsa baƙo ne ko baƙuwa, wato laƙabi ne aka sa wa wanda ya zo daga wani wuri, ba sunan yanka ba.

Ba a nan saɓanin ya tsaya ba. Tarihin Kano ya sa Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Lissafin Zazzau kuma ya sa ta bayan 1576. Tazarar ta fi shekara ɗari. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a jerin sunayen sarakunan Zazzau babu sunan Amina kwata-kwata. Macen da ta fi kowa suna a gidan, ita ce aka tsallake.

Me ya jawo haka? Labarin ya daɗe a baki kafin ya hau takarda. Ko da lissafin da ya fi kusa muka ɗauka, tsakanin Amina da alƙalamin Muhammadu Bello akwai fiye da shekara 200. Tarihin Kano kuwa, a siffar da muka san shi, sai ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi. A tsawon wannan lokaci labari na bi daga kaka zuwa jika, daga maroƙi zuwa maroƙi. Abin da ke da daɗin faɗi ya tsira, abin da ba shi da armashi ya zube a hanya.

Kuma duk inda aka bar gurbi, tsegumi ne ke cike shi. Kowa ya ji tatsuniyar nan marar daɗi da ake yi game da Amina da mazajen garuruwan da ta ci. Muhammadu Bello bai kawo ta ba, Tarihin Kano bai kawo ta ba, amma ita ce ta fi yawo a bakin mutane. Mace ta yi aikin shekara 34, abin da aka fi riƙewa shi ne ƙazafi. Wannan ya kamata ya dame mu.

Yadda wasu gidajen suka tsira

Don a ga bambanci, mu leƙa Kano. Marubucin Tarihin Kano yana da wata ɗabi'a mai kyau: kusan duk sarkin da ya ambata, sai ya faɗi sunan mahaifiyarsa. Ta haka muka san Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, matarsa Auwa ce ta haifi magajinsa Abdullahi. Mun san jikanta Muhammadu Kisoki, wanda ya hau a 1509, mahaifiyarsa Lamis ce. Mun san Madaki Auwa ta yi ƙarfin faɗa a ji a fada har zamanin jikan nata. Layi ɗaya ne marubucin ke ƙarawa, amma wannan layin ya raya sunayen mata fiye da shekara 500.

A Turai ma haka abin yake. A ƙasashen Jamusawa na wancan zamani akwai masu sarautar da ake kira Graf, kusan kamar hakimi a wurinmu: yana riƙe da yanki, yana shari'a, yana tara mayaƙa, amma akwai sarki a samansa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Radbot, wanda ya gina wani gidan dutse mai suna Habsburg wajen shekarar 1020, a yankin da yau yake cikin Suwizalan. Shi da matarsa Ita suka kafa gidan ibada na Muri a 1027. Malaman wannan gida suka riƙa rubuta sunayen iyalin, wa ya auri wa, wa ya haifi wa, wa ya ba da wace gona. A 1273 aka zaɓi wani daga zuriyarsa, Rudolf, ya zama sarkin Jamus, gidan ya ci gaba da mulki a Turai har 1918.

Radbot bai kama ƙafar Amina a yaƙi ko faɗin ƙasa ba, kuma ya riga ta da ɗaruruwan shekaru. Amma an san sunan matarsa da na 'ya'yansa, mu kuwa muna gardama ko Bakwa uwa ce ko uba. Ba wayo suka fi mu ba. Wani ne kawai ya zauna ya rubuta tun masu labarin na da rai.

Shafi na biyu

Da muka gama da gidan Bakwa, 'yata ta rubuta abin da ya samu, ta sa alamar tambaya a gaban sunan. Sai ta juya shafi. Nan ne kunya ta kama ni sosai.

Ɓangaren maza bai ba mu wahala ba. Sunan mahaifina, da na mahaifinsa, da na kakansa, duk suna nan a jere, domin su ne muke ɗauka a takardun makaranta. Da muka zo kan mata sai aka tsaya. Kakata ta wajen uba, Hajiya Babba muke ce mata har ta koma ga Allah. Ta wajen uwa kuwa Inna. Mahaifansu mata fa? Ɗaya "Iya ta Kudan", ɗaya "mai fura". 'Yata ta ɗago kai ta ce, "Umma, mai fura suna ne?"

Alkunya abu ne mai kyau, kuma ina alfahari da ita. Ba ma kiran sunan surukai, ba ma kiran sunan ɗan fari, yarinyar da ta ci sunan kaka sai a ce mata Ummi ko Mama ko Walida. Amma akwai abin da ba mu lura da shi ba. Namiji ko an sakaya sunansa a gida, yana nan a masallaci, a kasuwa, a takardar gona, a bayan sunan 'ya'yansa. Mace kuwa in aka sakaya nata a gida, babu wani wurin da yake. Bayan jikoki biyu sai ya ɓace. Abin da ya faru da gidan sarauta a Turunku, shi ne ke faruwa a gidajenmu a Badarawa da Unguwar Dosa da Malali, a hankali, ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Abin da nake gani a ɗakin awo

Wani zai ce to mene ne a ciki, suna ne kawai. Bari in faɗa muku abin da nake gani a wurin aiki.

Duk mai cikin da ta zo awon farko, akwai tambayoyin da dole mu cike a katinta. Akwai mai hawan jini a danginku? Ciwon suga fa? An taɓa haifar tagwaye? Akwai sikila? Mahaifiyarki ko yayarki ta taɓa yin jijjiga a lokacin ciki ko haihuwa? Ba don son jin sirrin gida muke tambaya ba. Macen da mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta yi hawan jinin masu ciki, haɗarin ya fi yawa a kanta, kuma in mun sani da wuri muna sa mata ido sosai. Ma'auratan da dukansu ke ɗauke da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Wasu cututtukan daji na mama ma suna bin jini.

Amsar da na fi ji ita ce, "Wallahi ban sani ba, Sista." Wata za ta ce kakarta wajen haihuwa ta rasu, amma ba ta san ko jini ne ya ɓalle ko jijjiga ce ba. Wata za ta ce mahaifiyarta ta binne 'ya'ya huɗu suna ƙanana, an ce wabi ne. Ba wanda ya taɓa faɗa mata ko idanunsu na yin ɗorawa, ko hannuwansu na kumbura. Mutuwa da rayuwa na hannun Allah, babu mai jayayya. Amma Shi ne Ya ba mu sani don mu yi rigakafi, kuma wani sanin yana cikin bakin tsofaffinmu ne kaɗai.

Na je wurin Goggo

A danginmu mutum ɗaya ce ta rage da ta san waɗannan abubuwa: yayar mahaifina, wadda ke zaune bayan layinmu. Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki, maganarta ta yi nauyi. Ni ke zuwa duba mata jini duk mako, amma ban taɓa zama na tambaye ta komai ba sai "Kin sha magani?"

Ranar Asabar na ɗauki 'yata, da littafi, da goro. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Goggo, yau ba awo ya kawo ni ba. Sunan mahaifiyar Hajiya Babba nake so ki faɗa min."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta yi dariya da rabin bakin da ke motsi, ta ce, "'Yar nan, sai yanzu?"

Mun yi kusan awa uku. Kalma ɗaya sai ta maimaita sau biyu kafin in gane. Sunan mahaifiyarta kuwa ta ƙi furtawa, sai ta ce sunan 'yar Manzon Allah ce, matar Sayyadina Ali, muka rubuta. Na samu sunaye bakwai na mata da ban taɓa ji ba. Na gano "mai fura" da kuɗin furarta ta sayi gonar da har yau ake noma wa dangi. Na kuma gano ita da ƙanwarta duk ciwo ɗaya ne ya kwantar da su a ƙarshen rayuwa, irin wanda ya kama Goggo. A daren na kira ƙannena biyu na ce kowa ya je a gwada jininsa. Ɗaya daga cikinsu, mai shekara 34, an tarar nasa ya hau, bai sani ba. Yanzu yana kan magani.

Kafin rana ta faɗi

Ba sai kin zama malamar tarihi ba. Littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi ya isa, ko wayar da ke hannunki ki ɗauki murya, bayan kin nemi izini. Je ki wurin wanda ya fi kowa tsufa a dangi, ki fara da mata. Ki rubuta sunan yanka da laƙabi tare, da garin da aka fito, da sana'a, da yawan haihuwa, da waɗanda suka rayu da waɗanda suka koma, da irin ciwon da aka yi fama da shi. In babu shekara, ki tambayi abin da ya faru a lokacin: zamanin wane sarki, kafin yaƙin basasa ko bayansa, shekarar wace yunwa. In tsohuwa ta ji nauyin furta suna, ki bar ta ta kewaya, za ki gane. In ruwaya biyu suka saɓa, ki rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Sannan ki ɗauki hoton shafukan ki tura wa 'yan uwa, kada ya zama kwafi ɗaya ne gara ko ruwan sama zai cinye.

'Yata ta kai aikinta makaranta. A shafin farko akwai Amina da Karama da Zariya, da alamar tambaya a gaban Bakwa, wadda babu mai iya goge ta yanzu. A shafi na biyu babu alamar tambaya ko ɗaya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba Goggo da sauran marasa lafiya sauƙi. Ku kuma masu karatu, musamman mutanen Turunku da Zariya da Suleja, me kuka ji daga bakin kakanninku game da Bakwa? Sannan ku gwada wannan a gida yau: mata nawa za ku iya lissafowa da sunan yanka, daga mahaifiya zuwa sama? Ina jiran amsoshinku a ƙasa.